Tsakanin Sadaka da Ciniki: Teburin Cinikin Adalci a Coci-cocin Ingila Lokacin Kirsimeti

Gabatarwa

Wanda ya shiga cocin wata unguwa a Ingila ran Lahadi cikin watan Disamba, tun daga shekarun 1980 har zuwa 'yan shekarun baya, sau da yawa yakan tarar da wani tebur a can baya kusa da ƙofa, ko kuwa a zauren da jama'a ke shan shayi bayan an tashi daga sujada. A kan teburin akan jera ganyen shayi da gahawa da sukari da zuma da cakulan, da katunan gaisuwar Kirsimeti, da 'yan kwanduna da sassaƙe-sassaƙe daga Bangaladash ko Indiya ko Kenya. Mai tsaron teburin, wadda galibi dattijuwa ce daga cikin ikkilisiyar, ba ta karɓar lada, ba a kuma yin tayi. Kuɗin kayan yakan ɗara na kanti, masu saye kuwa sun san haka, da saninsu suke biya.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin wannan tebur, da matsayinsa cikin hidimomin ikkilisiya na ƙarshen shekara, da kuma abin da ya same shi daga baya. Batun ya cancanci nazari domin ya faɗo a tsakanin abubuwa biyu da harshen Hausa ya raba sarai, watau sadaka da ciniki. Mai sadaka yana bayarwa don neman lada, ba ya jiran kome daga wanda ya ba. Mai ciniki kuwa riba yake nema, ba a kuma ganin laifinsa in ya taya da arha. Abin da a nan aka fassara da "cinikin adalci" ƙoƙari ne na haɗa niyyar na farko da hanyar na biyu.

Ikkilisiya a Watan Disamba

Shekarar ibada ta coci-cocin Yamma tana farawa ne da lokacin da ake kira Adbent, watau makonnin jiran zuwan Almasihu, wanda ya ƙunshi ranakun Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba. Lokaci ne na tsananin hunturu a Ingila, rana takan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, saboda haka ba mamaki da kyandir ya zama babbar alamar hidimomin. Kowace Lahadi akan ƙara kunna guda ɗaya. Akwai sujadar karatu tara daga Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi a tsakaninsu, wadda aka fara a garin Truro a 1880, ta kuma yi suna bayan da Kwalejin King ta Kambirij ta ɗauke ta a 1918. Yara kan yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, mata kan shirya kasuwar yini ɗaya a zauren coci don tara kuɗin gyaran gini ko taimakon mabukata.

A wannan wata ne coci ke cika da mutanen da ba a ganinsu sauran shekara, a cikinsa kuma hannun jama'a ya fi sakuwa. Ƙungiyoyin agaji sun daɗe da gane haka. Misali mai kyau shi ne sujadar Kiristingil, inda akan ba kowane yaro lemo da aka ɗaura wa jan ƙyalle aka kafa masa kyandir a ka, lemon a madadin duniya, kyandirin a madadin hasken Almasihu. Asalinta daga ɗariƙar Morabiya ne a Jamus a 1747, amma ƙungiyar kula da yara ta Cocin Ingila ce ta shigo da ita babban cocin Lincoln a 1968, musamman don tara baiko. Wannan sadaka ce tsantsa: yaro ya kawo kuɗi, ya karɓi lemo, ba wanda ke cewa lemon ya saya. Teburin da ake magana a kansa yana ɗaki ɗaya da irin wannan baiko, yana kuma cin moriyar wannan yanayi na sakin hannu, amma masu shi sun dage cewa su ba bara suke yi wa kowa ba.

Asalin Teburin

Tushen abin ba a Ingila yake ba. A 1946 wata mace 'yar ɗariƙar Menonayit ta Amurka, Edna Ruth Byler, ta ziyarci tsibirin Puerto Rico, ta ga matan da ke ɗinkin ado ba su da inda za su sayar, sai ta riƙa ɗauko kayan tana tallarsu ga ƙawayenta da matan coci daga bayan motarta. Wannan talla ce ta girma ta zama kantunan Ten Thousand Villages. A ƙasar Holan an buɗe kantin farko na irin waɗannan kaya a garin Breukelen a 1969, a daidai lokacin da ƙasashe masu tasowa ke kira a taron ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kasuwa suke so ba tallafi ba.

A Ingila kuwa, ƙungiyar agaji ta Tearfund ta kafa sashen ciniki mai suna Tearcraft a 1974, aka fara shigo da kayan saƙar wata irin rama daga Bangaladash, wadda yaƙi da ambaliya da yunwa suka ɗaiɗaita. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa sashen, Richard Adams, ya fita ya kafa kamfanin Traidcraft a birnin Newcastle a 1979. Daga cikin dalilan rabuwar akwai tambayar ko za a taƙaita saye ga ƙungiyoyin Kirista, ko kuwa a sayi kayan kowane matalauci ba tare da duba addininsa ba. Traidcraft ya ɗauki hanya ta biyu, ko da yake bai taɓa ɓoye cewa shi kansa bisa aƙidar Kirista aka gina shi ba.

Dabarar kamfanin ita ce ta haifi teburin. Maimakon ya dogara ga kantuna, sai ya dogara ga dubban 'yan sa kai, waɗanda kan duba littafin jerin kayansa su yi oda, a aiko musu, su baje a coci ran Lahadi. Ba kuɗin haya, ba albashi, masu saye kuma a tare suke wuri ɗaya kowane mako, sun san mai sayarwa, suna jin nauyinta. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take; a nan zumuntar ikkilisiya ce ta zama jarin kamfani. Kakar cinikin kuwa ita ce watanni biyu ko uku kafin Kirsimeti, lokacin da kowa ke neman kati da abin kyauta.

Hujjar da aka kafa ta addini ce, amma ba ayoyin sadaka aka fi jawowa ba. An fi komawa ga annabawan Tsohon Alkawari, musamman Amos, wanda a sura ta 8 ya la'anci 'yan kasuwa masu rage mudu da karkata ma'auni. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa Alƙur'ani ya keɓe sura guda ga masu tauye awo. Abin da masu teburin ke nufi shi ne, talaucin manomin gahawa ba ƙaddara ce kawai ba kamar fari ko girgizar ƙasa, akwai hannun mai saye a ciki, don haka abin da ake binsa biyan hakki ne. Duk da haka ba a rasa masu ƙorafi a cikin ikkilisiyoyi ba, masu tuna cewa Yesu ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, da masu ƙin saye da sayarwa ran Lahadi. Wannan na daga abin da ya sa a wurare da dama teburin ya tsaya a zaure ko bakin ƙofa. Wani ƙorafin na baki ne: gahawar farko da aka kawo daga Tanzaniya da Nikaragwa ta yi ƙaurin suna wajen rashin daɗi, har masu shanta kan yi raha cewa kaffara suke yi.

Yadda Tsarin Yake Aiki

A 1988 wani limamin Katolika ɗan Holan, Frans van der Hoff, wanda ke zaune tare da manoman gahawa a kudancin Meziko, da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad, suka ƙirƙiro tambarin Max Havelaar. Hikimar ita ce, maimakon kayan su tsaya a teburin coci, a sa musu alama su shiga kowane kanti. Shekara guda bayan haka, a 1989, tsarin kason fitarwa na yarjejeniyar gahawa ta duniya ya rushe, farashi ya faɗi warwas, manoma suka shiga uku, alhali kuɗin kofin gahawa a Turai bai sauka yadda ya kamata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1991 Traidcraft da Oxfam da wasu ƙungiyoyi biyu suka kafa kamfanin Cafédirect, a 1992 kuma aka kafa Gidauniyar Fairtrade, wadda cikin iyayenta akwai Christian Aid da CAFOD ta Katolika. Kayan farko masu ɗauke da tambarinta sun shiga kasuwa a 1994.

Ginshiƙan tsarin biyu ne. Na farko, akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi kome faɗuwar kasuwar duniya. In kasuwa ta haura shi, sai a bi kasuwa. Na biyu, akwai ƙarin kuɗi da ake biya a kan kowane awo, wanda ba ya shiga aljihun manomi ɗaya, yana zuwa ga ƙungiyar haɗin kan manoma ne, su zauna su yanke ko rijiya za a haƙa ko aji za a gina. A 2019, alal misali, an tsai da dala 2,400 a kan tan ɗaya na kokon cakulan, da ƙarin dala 240. Wannan ƙari ya yi kama da gyara a kasuwar Hausa, sai dai an juya ta: a kasuwarmu mai sayarwa ke yi wa mai saye gyara, a nan mai saye ke yi wa mai sayarwa. A wannan gyara ce sadakar da aka ce an kora ta sake leƙowa, domin ba dokar kasuwa ce ta wajabta ta ba, yardar mai saye ce.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Ghana. A 1993 manoman koko suka kafa ƙungiyar Kuapa Kokoo, mai hedkwata a Kumasi, wadda ta yi suna wajen amfani da sikelin da manomi zai iya dubawa da idonsa. Duk wanda ya ji labarin zamanin dalar gyada a Kano, da abin da ke gudana tsakanin manomi da 'yan baranda a bakin sikeli, zai gane girman wannan. A 1998 ƙungiyar ta shiga cikin masu mallakar kamfanin cakulan na Divine a Ingila, watau manomi ya sami kaso a ribar cakulan ɗin kansa, ba a ɗanyen koko kaɗai ba. Cakulan ɗin Divine, har da kalandar Adbent mai ƙofofi da yara ke buɗewa ɗaya kowace rana, ya zama daga cikin kayan da aka fi gani a teburin Disamba.

Tsarin bai tsira daga suka ba, wata sukar kuma tana da nauyi. Wani bincike da masana na makarantar SOAS ta Jami'ar Landan suka fitar a 2014, bayan aiki a Habasha da Uganda, ya nuna cewa 'yan ƙwadagon da ke aiki a yankunan da ke da tambarin ba su fi na sauran wurare samun lada ba, a wasu wuraren ma sun gaza su. Tsarin ya dubi mai gona, ya manta da wanda mai gona ke ɗauka aiki. Har ila yau, ƙungiya takan biya kuɗin tantancewa, amma ba lalle ta sayar da dukan amfaninta a farashin tambarin ba, sai abin da masu saye suka nema.

Abin da Ya Sami Teburin

Ikkilisiyoyi sun yi aiki tuƙuru don kayan su shiga manyan kantuna. Sun rubuta wasiƙu, sun tara rasidai sun kai wa manajoji don nuna yawan cinikin da suke kawowa, sun kuma karɓi sharaɗin cewa cocin da ke son a lasafta shi cikin masu goyon baya sai ya riƙa ba da shayi da gahawa masu tambari bayan sujada. Garin Garstang ya zama garin cinikin adalci na farko a 2000. A 2007 kantunan Sainsbury's suka mai da dukan ayabarsu mai tambari, a 2009 kuma kamfanin Cadbury ya sa tambarin a kan Dairy Milk. Wannan nasara ce babba, ita ce kuma ta ci teburin. Wanda zai sami shayi mai tambari a kantin unguwarsu kowace rana, da arha, ba shi da dalilin jiran Lahadi. Sa'an nan manyan kamfanonin da suka shigo ba aƙida ce ta kawo su ba, ba kuma ita za ta riƙe su ba: a 2016 Cadbury ya ba da sanarwar komawa ga wani tsari nasa na kansa, a 2017 Sainsbury's ya yi irin haka ga wasu nau'o'in shayinsa.

Daɗin daɗawa, ita kanta ikkilisiyar ta tsufa ta ragu. A ƙidayar 2011 kashi 59.3 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne. A ta 2021 adadin ya sauko zuwa 46.2, masu zuwa coci kowane mako kuwa 'yan kaɗan ne daga cikin waɗannan. A 2018 Traidcraft ya bayyana cewa yana gab da rufewa, ya ambaci faɗuwar darajar fam bayan ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai cikin dalilansa, ya sallami yawancin ma'aikatansa ya ci gaba a ƙanƙance. Annobar korona ta rufe coci-coci a 2020, tebura suka yi watanni a naɗe. A watan Janairu na 2023, jim kaɗan bayan cinikin Kirsimeti, kamfanin ya durƙushe aka miƙa shi ga masu kula da bashi. Sashensa na agaji da fafutuka, wanda ya sauya suna zuwa Transform Trade a 2022, shi ya rage.

Asarar ba ta faɗa kan kowa daidai ba. Manoman gahawa da koko da ayaba suna da tambarin, suna da manyan kantuna. Masu saƙar kwando da masu yin katin takardar hannu da masu sassaƙa 'yan gumakan wasan haihuwar Yesu, waɗanda da su aka fara tun 1974, babban kanti bai taɓa neman kayansu da yawa ba, domin ba a auna su da tan. Kasuwarsu ita ce wannan dattijuwa da teburinta a makonni huɗu na Adbent, kuma a cocin da aka naɗe teburin, odarsu ta Kirsimeti ta tafi tare da shi.