Tsadar Rayuwa da Zaɓen Garin Kafa Sabon Kamfani

Duk matashin da ya ƙirƙiro manhaja a Najeriya, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya tattara ya koma Legas. Masu wannan shawara suna da hujja. A unguwar Yaba cibiyar CcHub take, wadda Mark Zuckerberg ya ziyarta a 2016, kuma a Legas ɗin kamfanin Paystack ya bunƙasa har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Masu zuba jari can suka fi yawa.

Sai dai sabon kamfani bai fara ganin riba ba, uwar kuɗi yake ci, kuma tsadar gari ce ke yanke wata nawa jarin zai kai. Mai gida a Legas kan nemi kuɗin hayar shekara guda dunƙule, wani ma biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya. Ma'aikaci shi ma haya yake biya, kullum yana kashe sa'o'i a cunkoson gadar Third Mainland, kuɗin mota kuwa ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Duk wannan a kan albashi yake ƙarewa, albashi kuma shi ne kaso mafi tsoka na abin da kamfanin fasaha ke kashewa. Jarin da zai ƙare da wuri a unguwar Lekki ta Legas zai fi jimawa a Kaduna, inda cibiyar CoLab ke horar da matasa, ko a Jos, inda cibiyar nHub take.

Araha ma tana da iyakarta. Kuɗin lantarki da na dizal ba su ragwanta wa kowane gari ba. Ƙwararrun masu rubuta manhaja sun yi ƙaranci a Arewa, wanda ya goge kuma, kamfanin waje kan ɗauke shi yana zaune a ɗakinsa, ya biya shi da dala.

A ganina, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne inda masu sayen hajar suke. Wanda manhajarsa ta shafi cinikin hatsi ko atamfa, kasuwannin Dawanau da Kantin Kwari suna Kano. Ya zauna kusa da su, ya riƙa zuwa Legas idan ganawa da masu jari ta taso, domin kuɗin jirgi bai kai hayar shekara ba.