Abin Da Ya Hana Sammore Samun Allurar Rigakafi

Makiyaya kan tambaya, don me allura ta ci ƙarfin bushiya, har aka sanar da ƙarewarta a duniya cikin 2011, amma sammore ya gagara?

Ga dalili. Jinin saniya yana da dakaru masu gane ƙwayar cuta ta rigarta. Aikin allura shi ne nuna musu rigar tun cuta ba ta zo ba. Ƙwayar bushiya riga ɗaya gare ta. Ta sammore kuwa, wadda ƙudan tsando ke kawowa, ɗaruruwa gare ta. Da dakaru sun gane wannan, sai waɗansu ƙwayoyin su sake riga, su hayayyafa. Shi ya sa zazzaɓi kan tafi ya komo, saniya tana ta ramewa.

Saboda haka a nisanta garke da kurmi. Wadda ta kamu kuwa, a gaggauta kai ta wurin malamin dabbobi, akwai magani.