Tsoffin Gine-ginen Tsibirin Malta

Malta ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar Bahar Rum. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Malta tana kudu da Italiya, arewa da Libiya. Tsawonta mil 17 ne, faɗinta kuwa mil 9. Kusa da ita akwai wani tsibiri da bai kai ta girma ba, sunansa Gozo.

Ko da ya ke ƙasar ƙarama ce, baƙi suna zuwa daga nesa domin su ga waɗansu gine-gine na mutanen da. An fara gina su wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, watau sun girme dalar Masar.

Idan baƙo ya shiga jirgin ruwa daga Malta, kafin rabin awa ya isa Gozo. A can ne zai ga ginin da a ke kira Jigantiya. Bangonsa ya kai ƙafa 20 a tsaye. Waɗansu duwatsun bangon sun fi tan 50 nauyi. Saboda girmansu ne mutanen wurin suka riƙa cewa wata ƙatuwar mace ce ta ɗauko su. Amma wannan tatsuniya ce. Mutane ne kamarmu suka yi aikin.

Waɗannan magina manoma ne. Suna shuka alkama da sha'ir, suna kiwon tumaki da awaki da shanu. Ba su san ƙarfe ba. Da dutse da ƙashi suka sassaƙa duwatsun. An sami waɗansu duwatsu kewayayyu kamar ƙwallo kusa da ginin. Masu bincike suna ganin a kansu ne a ke mirgina manyan duwatsun. Irin wannan aiki sai da gayya, mutum ɗaya ba ya iya shi.

A kudancin Malta, bisa tudu a bakin teku, akwai wani gini mai suna Hajar Im. Wanda ya yi karatun allo ba zai rasa gane kalmar nan ba. Hajar dutse ne da Larabci, harshen mutanen Malta kuwa daga Larabci ya samo asali. Gangare kaɗan kuma akwai Imnaidara. Sau biyu a shekara, cikin Maris da Satumba, dare da rana su kan yi daidai. A ranakun nan, da gari ya waye, hasken rana ya kan bi ta ƙofar ginin sosai har ƙurya. Ashe maginan suna lura da tafiyar rana.

Cikin 1902 waɗansu ma'aikata suna haƙa ramin tara ruwa a Hal Safliyeni, sai suka ɓulla cikin ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Ɗakunan hawa uku ne, duk a cikin dutse aka sassaƙa su. Maƙabarta ce. An ƙiyasta an binne mutum wajen 7,000 a ciki. Akwai zane da jar ƙasa a rufin waɗansu ɗakunan. Numfashin jama'a yana ɓata zanen, don haka mutum goma kaɗai a ke bari su shiga a lokaci guda.

Cikin 1913 kuma wani manomi a Tarshin ya ga garmarsa tana ta karo da manyan duwatsu. Bai farfasa su ba. Aka kai labari ga shugaban gidan ajiye kayan tarihi, Temi Zammit. Shi ne ya fara tono a 1915. Ya sami ɗakuna da siffofin shanu da awaki a jikin dutse.

Abin da ya daɗe haka yana iya lalacewa dare ɗaya. Cikin Afrilu 2001 waɗansu ɓata-gari suka shiga Imnaidara da dare, suka ture duwatsu wajen 60. Sai da aka sha wahala kafin a mai da su. Ruwan sama da iskar teku ma suna cin dutsen, shi ya sa a 2009 aka yi wa Hajar Im da Imnaidara babbar rumfa.

To, jama'a, mutanen nan ba su bar rubutu ba. Duwatsu da kasake da ƙasusuwa su ne littafinsu. Wanda ya je irin wannan wuri kada ya hau bango, kada ya rubuta sunansa, kada ya ɗauki ko da tsakuwa. Kai kuma manomi, in fartanyarka ta tono tsohuwar tukunya ko wata siffa ta yumɓu, kada ka fasa, kada ka sayar. Ka bar ta inda ta ke, ka gaya wa mai gari, shi kuwa ya kai maganar gaba.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Da me maginan Malta suka sassaƙa duwatsu?
3. Don me a ke ƙayyade masu shiga Hal Safliyeni?
4. Me manomin Tarshin ya yi da ya kamata mu yi koyi da shi?