Dasa garkar lemu da kula da ita

Lemu icce ne mai yawan shan ruwa. A shekara yana buƙatar milimita 1000 zuwa 1200, kuma ba ya kakkaɓe ganye ya huta da rani kamar yadda kuka ke yi. A Gaya, yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, abin da ke sauka wajen milimita 800 ne. A Maraɗi da Damagaram bai cika kai rabin buƙatar iccen ba. Ke nan mai garkar lemu a ƙasarmu zai yi kimanin wata 8 a kowace shekara yana ban ruwa. Ga kuma cutar da ta fi kashe lemu, wato cutar ƙaro, ita ma da ruwa take shiga. Yawancin garake da suka lalace, a kan waɗannan biyu suka lalace: ko ruwan ya gaza, ko an zuba shi inda bai kamata ba.

A auna rijiya kafin a sayi dashe

Ƙaramin dashe ba ya shan ruwa da yawa, shi ya sa yake ruɗin mutane. Babban icce kuwa, a zafin watan Afrilu da Mayu, yana iya shan lita 100 zuwa 200 a yini. Idan an bar mita 7 tsakanin icce da icce, hekta ɗaya tana ɗaukar wajen 200. A lissafa lita 150 ga kowane: lita 30.000 ke nan, ganga 150 mai lita 200, kullum. Wanda rijiyarsa ke janyewa da bazara, gara ya dasa 30 ya ƙosar da su, da ya dasa 100 su shekara biyar sannan su bushe yana kallo.

A duba ɗanɗanon ruwan da kuma ƙasar. Lemu ba ya jure gishiri ko kanwa. A irin wannan wuri bakin ganye yana ƙonewa, iccen ya tsumbure. Ƙasar da ta dace ita ce mai zurfi, yashi gauraye da ɗan laka, wadda ruwa ba ya kwana a kanta. A fadamun gulbin Maraɗi, Korama da Dallol, a haƙa rami a ƙarshen damana a gani: idan an tarar da ruwa kafin mita ɗaya da rabi, saiwa za ta ruɓe. A hau gefen fadama.

Dashe mai aure

Lemun zaƙi da aka shuka daga ƙwaya yakan kai shekara 6 zuwa 8 kafin ya haihu, ga ƙaya da yawa, ga saurin kamuwa da cutar ƙaro. Mai aure yana fara haihuwa a shekara ta 3 ko ta 4. Gindin da aka yi auren a kansa shi ne ke hulɗa da ƙasa, saboda haka a tambayi mai renon dashe wane gindi ne. Bolkameriyana yana da ƙarfin girma a yashi, ko da yake ƴaƴan da ke kansa ba su cika zaƙi sosai ba. Bigaradiye, lemu mai ɗaci, yana jure cutar ƙaro, amma lemun zaƙin da aka aura masa ba ya tsira idan cutar tiristeza, wadda darɓa ke yaɗawa, ta shigo yankin. Idan mai sayarwa bai san gindin dashensa ba, a nemi wani, ko a nemi shawarar malaman gona da ma'aikatan INRAN.

Lokacin dasawa shi ne farkon damana, bayan ruwa ya zauna. A haƙa rami santimita 60 zuwa 80 ta kowane gefe, wata guda kafin dashe, a cika shi da ƙasar sama gauraye da bokiti 2 ko 3 na takin dabbobi da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A cire ledar, a ajiye dashen daidai zurfin da yake cikinta, ko ma ya ɗan ɗaga, domin ƙasar rami tana lotsawa. Gaɓar aure ta kasance aƙalla santimita 20 sama da ƙasa. Duk tohon da ya fito ƙarƙashin gaɓar na gindi ne. A tsige shi tun yana ɗanye, in ba haka ba zai rinjayi lemun da aka aura.

Kada ruwa ya taɓa gindi

Al'adar garka ita ce a yi wa icce kwari a cika da ruwa har wuya. Lemu ba ya son haka. Ƙwayar cutar ƙaro tana zaune cikin ƙasa mai laima, tana iyo cikin ruwa, ta shiga ta ɓawon wuyan icce, musamman inda hauya ta yanka. Ɓawon ya tsage, ƙaro ya tsattsafo, ganyen ɓangaren ya koma rawaya. Sau da yawa iccen yakan yi fure da ƴaƴa fiye da kima, mai garka yana murna, alhali haihuwar ban kwana ce: da ciwon ya kewaye gindi, iccen ya mutu.

Maganin ba ya cin kuɗi. A yi kunya biyu: ƙarama da ta kewaye gindi da tazarar kamu biyu, cikinta a bushe; babba daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Ruwa da taki duk tsakanin kunyoyin za a zuba, nan ne ƙananan saiwoyi masu sha suke. Kowace shekara a faɗaɗa su. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa don riƙe laima, amma kada ta jingina da gindi, a riƙa kuma ɗaga ta ana duba gara. Idan ƙaro ya riga ya ɓullo, a tone ƙasar wuyan ya sha iska, a kankare ruɓaɓɓen ɓawo da wuƙa mai tsabta har a kai ga mai lafiya, a shafa maganin da ke da sinadarin tagulla.

Ban ruwan ya zama na ƙa'ida. Iccen da ya sha ƙishi da ƴaƴa a jikinsa, sannan aka malale shi, yakan zubar da su ko su fashe. Iskar hunturu ma tana kakkaɓe fure. Shingen dogon yaro yana tare ta, amma a nisanta shi da layin farko da wajen mita 10 saboda saiwarsa. A shekarun farko ana iya noma wake ko gujiya tsakanin layuka.

Ƙudan ƴaƴan itace da tsinka

Tun daga 2003 wani ƙudan ƴaƴan itace na ƙasashen Asiya ya bayyana a Kenya, cikin ƴan shekaru ya iso yammacin Afirka. Mangwaro ya fi yi wa ɓarna, amma yana harbin lemu da tanjalo. Duk ƴaƴan da suka faɗo a tsince su, a ɗaure cikin baƙar leda a bari a rana kwana biyu ko uku, ko a binne su zurfin rabin mita.

Lemu ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, kuma launin ɓawo ba shaida ba ne. Sanyin dare ne ke sa shi ja, shi ya sa na Timiya, cikin duwatsun Azbin, ke yin launi, na Gaya kuwa ya nuna yana kore. A yanka biyu ko uku daga ɓangarori dabam na garka a ɗanɗana. A tsinka bayan raɓa ta bushe, da almakashi, a bar ɗan gajeren tsinke don kada ɓawon ya yage, a jera cikin kwando a inuwa.