Baƙon da Ke Aiki Daga Nesa: Hukuncin Biza da Haraji a Ƙasar Tailan

A wannan zamani an sami wani irin fatauci wanda ba ya bukatar jaki ko mangala. Mutum ya kan ɗauki kwamfutarsa ya tafi wata ƙasa ya kama ɗaki, ya riƙa yi wa kamfanin da ke Ingila ko Amurka aiki ta intanet, albashinsa kuwa yana faɗawa cikin bankinsa na gida. Ƙasar Tailan, wadda a da a ke kira Siyam, wadda kuma 'yan kasuwa suka sani da shinkafa, tana cikin wuraren da irin waɗannan baƙi suka fi sauka, musamman birnin Bankok da Ciyan Mai ta arewa, saboda arahar abinci da masauki. Mas'aloli biyu ne ke bin kowane ɗayansu: iznin zama, da kuma haraji. Ofis biyu ne dabam ke riƙe da su, kuma takardar wannan ba ta kashe bakin wancan.

Shekaru da yawa baƙin nan suna shiga da bizar yawon buɗe ido, alhali kuwa ita ba ta ba da iznin aiki. In kwanakinsu sun ƙare sai su ƙetare iyaka su juyo a sake buga musu hatimi. A shekarar 2014 ma'aikatan shige da fice suka shiga wani zauren da baƙi ke taruwa da kwamfutocinsu a Ciyan Mai, suka tafi da waɗansu, suka yi musu tambayoyi, kana suka sake su. Wanda kuwa ya wuce wa'adinsa, tararsa bat 500 ce kowace rana, har ta kai bat 20,000. In ya zarce kwana 90 a hana shi komowa shekara guda.

A watan Yuli na 2024 Gwamnati ta fito da biza ta musamman wadda a ke kira DTV. Ƙarfinta shekara 5 ne, mai ita ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Kowace shiga ana ba shi kwana 180, yana kuma iya neman ƙarin kwana 180 sau ɗaya a ofishin shige da fice. Sharuɗɗanta su ne ya nuna bat 500,000 a banki, ya kawo shaidar aikin da ya ke yi wa mutanen waje, ya biya kuɗin biza wajen bat 10,000. Matarsa da 'ya'yansa da ba su kai shekara 20 ba suna iya biyo shi. Amma ba shi da ikon kama aiki wurin kamfanin ƙasar. Tun 2022 kuma akwai wata biza ta shekara 10 mai suna LTR, ta masu ƙarfi, domin ana neman ma'aikacin nesa ya kasance yana samun dala 80,000 a shekara daga babban kamfani. Masu ita an ɗauke musu haraji a kan dukiyar da suka samo a waje. Masu DTV ba a yi musu wannan rangwame ba, kuma nan ne da yawa ke yin tuntuɓe.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma ofishin haraji yana ƙidaya kwanakin raɓar. Sashe na 41 na dokar haraji ta Tailan ya ce duk wanda ya zauna cikin ƙasar kwana 180 ko fiye cikin shekara guda, daga Janairu zuwa Disamba, ya zama mazauni wajen haraji, ko wace irin biza ke cikin fasfonsa. Kamar jangali ne a da, wanda ya kan hau makiyayi a ƙasar da ƙidaya ta tarar da shanunsa. Kwanakin kuwa tara su a ke yi, ba lalle sai sun zo a jere ba. Misali, wanda ya zauna daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Maris ya yi kwana 90. In ya tafi ya komo farkon Oktoba ya kai ƙarshen Disamba, ya ƙara 92. Jimla 182 ke nan, ya zama mazauni ko da ya ke ya yi wata shida ba ya nan. Wani kuwa ya shiga farkon Agusta ya fita ƙarshen Afrilu. Ya yi wata tara, amma kwana 153 ne suka faɗa cikin shekarar farko, wajen 120 cikin ta biyu, saboda haka bai cika 180 ba a ko ɗaya.

Mazauni yana biyan haraji a kan abin da ya samo a waje in ya shigo da shi ƙasar. A da akwai ƙofa: in mutum ya ajiye kuɗin bana a bankin waje sai baɗi ya shigo da shi, ba a taɓa shi. Hukumar haraji ta rufe ƙofar nan da umurnin da ta bayar a Satumban 2023, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2024, sai dai an keɓe dukiyar da aka samu kafin wannan rana. Harajin hawa-hawa ne: bat 150,000 na farko ba a karɓar kome a kai, daga nan ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari har ya kai kashi 35 a kan abin da ya haura bat miliyan 5. Ƙarshen Maris a ke kai takardar lissafin shekarar da ta wuce. A 2025 hukumar ta yi maganar sassauta umurnin nan, saboda haka wajibi ne mai niyyar zuwa ya tambayi inda magana ta tsaya kafin ya aika da kuɗi.

Akwai kuma wata mas'ala mai zurfi. Shi dai sashe na 41 ya ce ladan aikin da aka yi cikin Tailan abin biyan haraji ne, ko a cikin ƙasar aka biya shi ko a waje. To, wanda ke zaune a Ciyan Mai yana buga kwamfuta, a ƙasar ya yi aikin, ko da mai biyansa yana London. Abin da kan cece shi shi ne yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu, wadda Tailan ta ƙulla da ƙasashe wajen 60. Galibinsu sun ce ba za a karɓi haraji daga ma'aikacin waje ba muddin sharuɗɗa uku sun cika: zamansa bai wuce kwana 183 ba, mai biyansa ba mazaunin ƙasar ba ne, kuma ba wani reshen kamfanin da ke cikin ƙasar ne ke ɗaukar nauyin albashin ba. Wanda ƙasarsa ba ta da irin wannan yarjejeniya ba shi da wannan garkuwa.

Barin gida kuma ba ya yanke igiyar harajin gida nan take. Amurka tana bin 'ya'yanta da haraji duk inda su ke a duniya. Waɗansu ƙasashe kuwa su kan duba inda gidan mutum da iyalinsa da dukiyarsa su ke, har ya zama ƙasa biyu kowace tana cewa nata ne. A nan yarjejeniya ce ke raba gardama, ta fara duba inda ya ke da gida na dindindin, sa'an nan inda harkokinsa suka fi ƙarfi.

Saboda haka mai hankali ya kan riƙe littafi kamar na ɗan kasuwa, ya rubuta ranar shiga da ranar fita. Ya raba asusun tsohuwar ajiya da na sabon samu, domin in an nemi hujja a banki ta fito sarai. Ya adana rasit na harajin da ya biya a gida, ya sanar da kamfaninsa ƙasar da ya ke zaune, ya kuma nemi masanin haraji na ƙasar tun kwana na 180 bai cika ba, gama matambayi ba ya ɓata.