Randa Cikin Randa: Hanyar Ajiye Kayan Lambu Su Daɗe

Duk manomin rani ya san abin da ke faruwa idan tumatir ya nuna gaba ɗaya. Kowa ya kai nasa kasuwa rana guda, kuɗin kwando ya faɗi warwas, dillali kuwa ya san ba mai iya komawa gida da kayansa. Sai a sayar da arha, ko kuwa a zubar. Wahalar wata uku ta tafi cikin kwana uku.

Me ke lalata kayan lambu?

Masana ilimin abinci sun gano cewa tumatir ko ganyen da aka tsinke bai mutu ba. Yana nan yana numfashi, yana cinye zaƙin da ke jikinsa, ruwansa kuma yana fita, ga shi ba saiwar da za ta mayar masa. Idan zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin santigireti, saurin numfashin nan yakan ninka sau biyu ko uku. Akwai kuma hasarar da ido ba ya gani. Bitamin C, wanda ke taimakon jiki wajen warkar da rauni, yana raguwa da sauri cikin zafi. Alayyafon da ya yini a rana ya yi yaushi ya riga ya rasa wani kashi na amfaninsa tun bai shiga tukunya ba. Maganin abin shi ne sanyi da laima.

Dabarar Malam Bah Abba

A shekarun 1990 marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha a Dutse ta Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yi ta gwaji a kan wannan matsala. Ya ɗauki abin da iyayenmu mata suka sani tuntuni: ruwan randa yana sanyi domin laimar da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu tana bin iska, tana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikinmu. Sai ya sa ƙaramar randa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. A gwajinsa yalo ya kai kwana 27 maimakon 3, tumatir da tattasai sun kai mako 3, alayyafo kuma kwana 12 maimakon kwana ɗaya. Ya raba randuna 5,000 na farko a ƙauyukan Jigawa da kuɗin aljihunsa, a shekarar 2000 kuma aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex.

Ga yadda ake yi

1. A sami randa biyu na yumɓu, babba da ƙarama. Kada babbar ta zama mai fenti ko shafen siminti, gama ruwa ba zai tsattsafo ba.
2. A zuba yashi a gindin babbar, a ɗora ƙaramar har bakinsu ya daidaita.
3. A cika tsakaninsu da yashi, kaurin yatsa biyu ko uku, a jiƙa shi sosai.
4. A sa kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma mai tsabta.
5. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma.

Abin lura

Dabarar ta fi aiki da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe. Da damina sanyinta kaɗan ne. A tsinki kaya da sassafe, a ware masu rauni, gama ruɓaɓɓe ɗaya yakan ɓata sauran. Kada a haɗa nunannen tumatir da ganye, domin yana fitar da wata iska mai sa ganye ya yi rawaya. Albasa ba ta son laima, nama da madara kuma sanyin randa bai ishe su ba.

'Yan'uwa manoma, wanda zai iya riƙe tumatir ɗinsa mako biyu yana da bakin yin ciniki, yaransa kuma za su sha miya mai gina jiki. Muna ba da shawara kowace ƙungiyar manoma da ta mata ta haɗa randa ɗaya a wannan rani. A sa rabin kaya a ciki, a bar rabi a kwando, a ƙirga kwanaki, kowa ya gani da idonsa.