Kada ka ɗaure rumbun bayanan manhajarka a jikin Koin ko Hilt

A ce wani mai sayen riɗi a Gagarawa Tasha ya ba ka aikin haɗa masa manhajar Android, wadda zai riƙa shigar da buhunan da ya saya da bashin da ke tsakaninsa da manoma. Ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari, a bakin iyaka, inda sabis kan zo ya tafi. Dole bayanan su zauna cikin wayar. Yawancinmu Room muke ɗauka, wanda Google ya fitar a 2017 don sauƙaƙa aiki da SQLite.

Da manhaja ta fara girma sai a kawo mai rarraba kaya, wato Koin ko Hilt. Aikinsa irin na dillali ne: kowane ɓangare ya faɗi abin da yake buƙata, shi kuma ya kawo masa.

Ga inda ake zamewa. A Koin, sai mutum ya sa ajin da ke rubuta bashi ya gaji KoinComponent, ya riƙa miƙa hannu yana ɗauko rumbun da kansa ta inject. Layi biyu ne, yana da daɗi. Amma daga ranar ajin ba zai motsa ba sai an tayar da Koin tukuna. Kana son ka gwada ko lissafin buhu 40 ya fita daidai, sai ka tsaya kana jera wa dillali kayansa, ga kwamfutarka tsohuwa, ga wuta ba tabbas. A ƙarshe gwajin ake bari. Ranar da bashin naira dubu 200 ya fito sau biyu, ba Koin ɗan kasuwar zai kira ba.

Gyaran ba shi da wuya. Ajin ya karɓi abin da yake buƙata a lokacin da ake gina shi, kada ya san wa ya kawo. Sunan Koin ko Hilt ya tsaya a fayil guda, inda ake haɗa sassan. Wajen gwaji kai da kanka za ka miƙa masa rumbun wucin gadi, wanda Room ke iya buɗewa a ƙwaƙwalwar waya ya goge da an gama.

Tun 2004 Martin Fowler ya bambanta hanyoyin nan biyu, ta miƙa wa aji kayansa da ta barinsa ya je ya nemo. Su kuwa dillalan canzawa suke yi: Dagger daga Square ya fito, Google ya karɓa ya fitar da Dagger 2, sannan ya ɗora Hilt a kansa. Alamar @Inject a bakin aji ba ta dame ni ba, tunda ta Java ce, ba ta Hilt kaɗai ba. Amma @AndroidEntryPoint wurinsa fuskar manhaja, can nesa da littafin bashi.